Gado Ɗaya, Majinyata Biyu: Ina Rabon Ɗan Ƙwaya a Kasafin Lafiya?

A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da wani fim a kan maganin tari mai ɗauke da kodin. An nuna yadda kwalabe ke sulalewa daga kamfanonin haɗa magunguna su faɗa hannun matasa a Kano da wasu biranen. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da haramta sarrafa shi da shigo da shi, hukumar NAFDAC kuma ta garƙame kamfanoni uku na ɗan lokaci. Jama'a suka yi ta sa albarka. Sai dai a cikin fim ɗin akwai abin da haramcin bai taɓa ba, wato samarin da aka nuna a wata cibiyar gyaran hali a Kano, ƙafafunsu cikin sarƙa, wasu na ihu wasu sun yi zuru. An yanke wa kwalbar hukunci, wanda ya riga ya shanye ta kuwa aka bar shi inda yake.

Tun daga lokacin tambayar ta ƙi kwanciya. Ƙasar da asibitocinta ke fama da ƙarancin gado da magani da ma'aikata, shin ya dace ta yanki wani abu daga ɗan abin da take da shi ta kashe a kan wanda ya ɗauki ƙwaya da hannunsa ya kai baki? Ko kuwa wannan aikin ɗan sanda ne da malami da iyaye, asibiti kuma ya ji da waɗanda cuta ta faɗa wa ba tare da sun gayyato ta ba? Masu hankali da tausayi suna nan a kowane ɓangare, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a auna ta.

Kafin a shiga gardama, a san girman abin. A watan Janairun 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a faɗin Nijeriya. Ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Kashi 14.4 cikin ɗari ke nan na masu waɗannan shekaru, fiye da ninki biyu na abin da ake gani a duniya. Masu shan wiwi miliyan 10.6 ne, masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Kusan miliyan uku abin ya riga ya zame musu cuta. Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mata kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya, ko da yake kudu maso yamma ce ta fi kowace shiyya yawa. Cikin waɗanda shaye-shayen nasu ya yi tsamari, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba.

Masu cewa a bar asibiti ya ji da abin da ke gabansa suna da hujja mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara a babban asibitin wata ƙaramar hukuma a watan Agusta ko Satumba ba zai raina ta ba. Lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kai ƙololuwa, yara biyu ko uku a gado ɗaya, iyaye mata a zube a ƙasa, ana neman jini ana rasawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Nijeriya ne, haka kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda take kashewa, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wajen haihuwa ma labarin bai canza ba. An ƙiyasta mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. A 2023 mashaƙo ya yi ƙamari, Kano ta zama cibiyarsa, alhali allurar rigakafinsa ta daɗe a duniya. Tamowa na cin yara a Katsina da Sakkwato da Zamfara. Sannan a 2025 Amurka ta janye kaso mai yawa na tallafin da take ba fannin lafiya, wanda da shi ake sayen gidan sauro da maganin ƙanjamau da na tarin fuka.

Mai wannan ra'ayi zai ce maka lissafin a fili yake. Matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, allurar da za ta tsayar da shi ba ta da tsada. Mai jijjigar masu ciki ma haka. Yaron da ke fama da maleriya maganin kwana uku ya ishe shi idan an kawo shi da wuri. Shi kuwa ɗan ƙwaya sai an kwantar da shi makonni ko watanni, a ciyar da shi, a tsare shi, a sa masa likita da mai ba da shawara, kuma bayan duk wannan da yawa sukan koma ruwa. Kuɗin da za a kashe a kan mutum ɗaya da ba a da tabbacin zai daina, zai ceci rayukan yara da dama waɗanda ake da tabbacin za su warke. Wanda aka damƙa wa baitulmali, in ji su, amana ce a wuyansa ya sa kowace naira inda za ta fi ceton rai.

Akwai kuma hujjar adalci, wadda ta fi ta lissafi shiga zuciyar mutanenmu. Jaririn da sauro ya ciza bai yi laifin komai ba. Matar da ke naƙuda ba ta saɓa wa kowa ba. Wanda ya sha ƙwaya kuwa an gaya masa a gida, an gaya masa a makaranta, liman ya faɗa a kan mumbari, ya toshe kunnensa. Malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin duk abin da ke gusar da hankali, giya ce ko ƙwaya ko hayaƙi. To don me za a ɗauki harajin wanda ya kame kansa a yi wa wanda ya ƙi kamewa hidima? Wasu ma sukan ƙara da cewa idan aka mai da shaye-shaye ciwo kamar hawan jini, an cire masa kunya ke nan, ita kuwa kunya na cikin 'yan abubuwan da suka rage masu hana yaro farawa. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Unguwar da aka daina jin nauyin ganin yaro yana layi a titi da rana tsaka, ta yi asarar wani shinge na gaske.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba. Abin da suke cewa shi ne, wanda ke zaton zai adana kuɗi ta hanyar ƙin yi wa ɗan ƙwaya magani bai duba inda kuɗin ke zurarewa ba. Ɗan ƙwaya yana zuwa asibiti ko an so ko ba a so, sai dai ta wata ƙofar. Yakan zo ta ɗakin haɗari bayan ya kifar da babur da fasinja a baya. Yakan zo da sara a ka bayan faɗan daba, tare da wanda ya sara. Yakan zo yana jijjiga saboda tiramadol mai ƙarfin miligiram 225 ko 250 da ya haɗiya, alhali wanda doka ta yarda likita ya rubuta 50 ne ko 100. Mai yin allura ya zo da ciwon hanta ko ƙanjamau da ya ɗauka a sirinjin da aka yi karo-karo, ya kuma kai wa matarsa. Mashayin giya ya zo da hanta a kumbure, cikinsa cike da ruwa. Duk waɗannan gadon asibiti suke hawa, jinin da ake nema wa mai haihuwa shi ake ƙara musu. Ana biyan kuɗin, sai dai ana biya a ƙarshen tafiya, inda ya fi tsada kuma ya fi ƙarancin amfani.

Game da batun zaɓi kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa suna da bayanin da ya kamata a saurara. Gaskiya ne ƙwayar farko zaɓi ce. Amma kodin da tiramadol dangin ofiyom ne, kuma idan jiki ya saba da su sai ƙwaƙwalwa ta rage abin da take samarwa da kanta na kwantar da ciwo da sanya nishaɗi. Daga nan adadin da ya isa jiya ba zai isa yau ba. Ranar da mutum ya daina, sai ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa, hamma, rashin barci da wani irin ƙunci da masu fama da shi ke cewa mutuwa ta fi shi sauƙi. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar roci, idan aka yanke masa farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba, yana iya jijjiga har ya rasa ransa. Wannan bai wanke kowa daga alhakin farawa ba. Abin da yake nunawa shi ne nasiha da bulala, duk ƙarfinsu, ba su isa su raba wanda ya yi nisa da abin ba, kamar yadda ba su isa su sauke zazzaɓi ba.

Kuma idan za a bi ƙa'idar cewa wanda ya jawo wa kansa ba shi da rabo a asibitin gwamnati, a ina za a tsaya? Mai shan sigari da huhunsa ya lalace, direban da ya yi gudun wuce sa'a, mai ciwon sukarin da ya ƙi kiyaye baki, ba wanda ake tsayarwa a ƙofa a tambaye shi yadda aka yi. Aikin likita bai taɓa zama alƙalanci ba, kuma al'ummar da ta fara tantance majinyata da ma'aunin laifi ba ta san wanda ma'aunin zai faɗa wa gobe ba.

Hujjar da ta fi girgiza ni a wannan ɓangare ita ce ta abin da ke faruwa idan asibiti ya rufe ƙofa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa cikin mari, jikinsu duk tabon duka. Cikin makonni kaɗan aka bankaɗo irinsa a Daura da cikin garin Katsina. Duniya ta yi ca, aka yi ta la'antar masu gidajen, kuma abin da aka gani ya cancanci la'anta. Amma su waye suka kai yaran? Iyayensu ne, da ƙafafunsu, har suna biyan kuɗin wata. Uwar da ɗanta ya sayar da tukunyarta da zannuwanta, ya ɗaga mata hannu, ta kwana ba barci tana jiran a zo a ce an kashe shi ko ya kashe wani, ba mugunta ce ta kai ta gidan mari ba. Ta duba gabas da yamma ne ba ta ga wata ƙofa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa ƙasashen waje. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, kowanne jihohi da yawa ne ke rububinsa. Cibiyoyi masu zaman kansu na Abuja da Legas kuwa sai ɗan mai hali. An rufe gidajen mari, an yi daidai, to amma ina aka ce uwar nan ta nufa?

A nan ne nake ganin gardamar ta wuce maganar kasafi ta shiga maganar yadda mu kanmu muke zaune da kayan maye. A jihohin da ke bin shari'a tun shekarar 2000, giya ita ce abin ƙyama a fili. Hukumar Hisbah ta Kano takan tara dubban kwalabe ta sa mota ta murƙushe su a gaban jama'a, kuma mafi yawan mutanen jihar suna goyon bayan haka da zuciya ɗaya. Wanda aka ji warin giya a bakinsa ya zubar da mutuncinsa da na gidansu. Amma a daidai shekarun da aka tsananta wa giya, ƙwaya ta yi ta shiga gidaje ba tare da ta yi wari ba. Ana sayen ta a kemis ɗin unguwa, a zuba maganin tari cikin robar lemo, a sha a ɗaki ko a wajen biki. Matar aure da ba za ta taɓa kusantar mashaya ba tana iya aiken yaro ya sayo mata. Hukuncin addini a kan su biyun ɗaya ne, amma idon jama'a ya tsaya a kan wanda ake gani, ya kauce wa wanda ke ɓoye cikin kwalin magani.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya a jajibirin gangamin siyasa? Kowa a garuruwanmu ya san amsar, kuma wasu daga cikin masu rabawar su ne ke zama a majalisa su yanke abin da za a ba asibiti. Lebura mai sauke buhuna a kasuwa, da ɗan acaɓa, da mai haƙar zinare a dajin Zamfara, da mai noman ƙodago, da yawansu ba don nishaɗi suka fara shan tiramadol ba, sai don jiki ya jure aikin da ya fi ƙarfinsa, kuma mai ba su aikin ya sani. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, da unguwannin zango na Kumasi da Ankara, domin hanyar da kayan ke bi ba ta san iyakar ƙasa ba. Shekara da shekaru ana sayar da magunguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano kamar ana sayar da tumatir, sai a watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shaguna sama da dubu don tilasta wa 'yan kasuwar komawa sabuwar cibiyar Dangwauro inda za a iya sa ido. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya sake nuna wani kamfani a Indiya yana haɗa tapentadol da karisoprodol, haɗin da ba a amince da shi a ko'ina ba, yana turo shi Afirka ta Yamma da miliyoyi. An toshe kodin, kasuwa ta nemi wata hanya. Yaron da ke kwance a bakin kwata shi ne na ƙarshe a dogon layin masu cin riba, kuma shi kaɗai ne bai ci komai ba.

Giyar ma ba a gama da ita ba. A 2018 gwamnati ta yi yarjejeniya da kamfanoni cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a leda da ƙananan robobi, irin waɗanda ake sayarwa a tashoshin mota da kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya. Da NAFDAC ta fara aiwatarwa a Fabrairun 2024, sai masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka tayar da ƙayar baya da hujjar asarar jari da ayyuka, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka yi ta jan ƙafa. A 2015 giyar ogogoro mai guba ta kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Harajin da ake karɓa a kan giya kuma yana shiga asusun da ake raba wa kowace jiha, har da masu fasa kwalabe, abin da 'yan kudu ba sa gajiya da tuna mana. Ko mutum yana ganin wannan gori daidai ne ko ba daidai ba, abu ɗaya ya tabbata: gwamnati na samun kuɗi daga abin maye, kuma ba a keɓe wani sanannen kaso daga ciki don jinyar waɗanda ya lalata ba.

To kamu fa? Tun da aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a 1989, kuma musamman tun da Janar Buba Marwa ya karɓi ragamarta a Janairun 2021, an kama dubun dubatar mutane, an ƙwace kaya masu yawan gaske, har da hodar iblis tan 1.8 a Ikorodu a Satumban 2022. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kai ga amincewa da hukuncin kisa ga manyan masu fataucin ƙwaya. Ba ni da tausayin mai shigo da kwantena, kuma ban ga wanda zai ce a sassauta masa ba. Inda ake saɓani shi ne a kan mai sha. Masu son a daina ɗaure shi sukan kawo misalin Fotugal, wadda a 2001 ta daina ɗaukar riƙe ɗan abin da mutum zai sha a matsayin laifin kurkuku, ta koma tura shi gaban kwamitin da zai haɗa shi da magani, kuma yaɗuwar ƙanjamau tsakanin masu allura ta ragu ƙwarai. Masu adawa su ma suna da nasu misalin: jihar Oregon ta Amurka ta bi irin wannan hanya da ƙuri'ar jama'a a 2020, tituna suka cika da masu shaye-shaye a fili, a 2024 ta janye. Bambancin da ke tsakani shi ne Fotugal ta zuba kuɗi a wuraren jinya tare da sauya dokar, ita kuwa Oregon ta sauya doka kafin wuraren jinyar su tsaya da ƙafafunsu. Gana kuwa ta ɗauki matsakaiciyar hanya a dokarta ta 2020, ta mai da hukuncin mai riƙe ɗan abin sha tara maimakon ɗauri. Darasin da ya shafe mu shi ne, sassauta doka ba tare da asibiti ba sakaci ne, tsananta ta ba tare da asibiti ba kuma cika kurkuku ne da yaran da za su fito sun fi da lalacewa.

Akwai wasu bayin Allah da wannan yaƙi ke takewa ba tare da kowa ya lura ba. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, a duniya. Idan ciwon ya tashi, zafinsa sai magani mai ƙarfi. Haka mai ciwon daji da ya yi nisa, da wanda aka yi wa babbar tiyata. Tsoron ƙwaya ya sa mofin na wahalar samu a asibitoci da dama, ma'aikata na ɗari-ɗarin bayarwa, mai sikila kuma idan ya yawaita zuwa neman allura sai a fara yi masa kallon ɗan maye. Wasunsu kuma, don rashin kulawar ƙwararru, sukan koma sayen allurar pentazosin a kemis suna yi wa kansu, har su kamu da gaske. A titi ƙwaya ta yi yawa, a gadon asibiti ta yi kaɗan, kuma tushen matsalar guda ne: ba a riƙe hanyar da magani ke bi daga masana'anta zuwa majinyaci da kyau ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne, idan da gaske gado ɗaya ne ya rage, ga mai naƙuda ga ɗan ƙwaya, mai naƙuda za a ba, kuma ba zan yarda a taɓa ko kwabo daga kuɗin rigakafi da maleriya da haihuwa don gina gidan gyaran hali ba. A nan ɓangaren farko ya yi gaskiya. Amma wa ya ce gado ɗaya ne ya kamata ya rage? A Afrilun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe fiye da shekara ashirin tana yawo tsakanin kashi huɗu da shida a mafi yawan shekaru. Wasu jihohi sukan rubuta 15 ko fiye a takarda, amma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun majinyaci yake fita. Waɗanda suka ƙuntata tukunyar su ne ke son mu tsaya muna gardamar wa za a hana tsakanin jariri da saurayi, kuma bai kamata mu karɓi gardamar a yadda suka miƙo ta ba.

Ɓangaren farko ya sake yin gaskiya a wani wuri: manyan gine-gine ba su ne mafita ba. Gwamnoni na son abin da za a yanke wa ƙyalle, kuma cibiyar gyaran hali mai gado ɗari a babban birnin jiha ta fi amfanar ɗan kwangila a kan yaron da ke ƙauye. Mafi yawan masu shaye-shaye ba sa buƙatar kwanciya. Abin da suke buƙata ma'aikacin lafiya ne a asibitin kusa da su wanda ya san yadda zai tambaya ba tare da wulaƙanci ba, ya gane wanda shawara da bibiya za su ishe shi, ya san maganin rage azabar dainawa, ya tura wanda ya yi tsanani gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ƙananan ma'aikata a kan haka, mai suna mhGAP, tun 2008, kuma an gwada shi a Nijeriya. 'Yan gadaje kaɗan a kowane babban asibiti, da ɓangaren mata daban, domin matar da ke shan maganin tari a ɗaka ba za ta taɓa zuwa inda za a gan ta a layi ɗaya da 'yan daba ba. Malaman da iyaye suka amince da su kuma, maimakon a bar su su koma ɓoye, a yi musu rajista, a hana mari da duka hani na har abada, a sa ma'aikacin lafiya na zagayawa, su riƙe ɓangaren tarbiyya da suka iya, likita ya riƙe nasa. Wanda aka sallama kuma ya koma unguwa ba sana'a, ga tsoffin abokai na jira, komawa zai yi, don haka koyon sana'a ba ƙari ba ne a kan jinyar, yana cikinta.

Kuɗin wannan bai kamata ya fito daga bakin mai naƙuda ba. Ya fito daga harajin giya da sigari, da dukiyar da kotu ke ƙwacewa daga hannun dillalan ƙwaya, a keɓe kaso sananne da doka, a riƙa buga yadda aka kashe shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta riga ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusu na musamman. Abin da ya rage shi ne a zuba wa asusun kuɗi, jihohi su yi nasu dokokin, kuma duk lokacin da gwamna ya kai kasafi majalisar jiha, a sami ɗan majalisa ko ɗan jarida da zai tashi ya tambayi kwamishinan lafiya nawa aka saki daga na bara, ma'aikata nawa aka horar, da kuma asibitin da uwa za ta kai ɗanta a ƙaramar hukumarta.